Babi na Huɗu: Ƙurar Zinare a Tsakar Gida

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda masu sauraron rediyo suka fi sani da Na-gari Na-kowa, suna zagaya ƙauyukan jihar Zamfara don sa ido kan sanƙarau, kamar yadda aka saba duk lokacin da zafin bazara ya kunno kai. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sai suka ci karo da abin da ba shi suka fito nema ba. Ƙananan yara suna ta mutuwa, kuma duk hanya ɗaya ciwon ke bi: amai, ciwon ciki, kasala, daga nan sai jijjiga, sai suma, sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. An gwada na sanƙarau, shi ma shiru. Da aka ɗebi jinin wasu yaran aka aika ƙasar waje don gwaji, sai sakamako ya dawo da amsar da ba wanda ya zata. Jinin cike yake da dalma.

Cikin watannin Mayu da Yuni, masana daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi yi wa ɓarna. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya daga kowane huɗu. A cikin yara 204 da aka gwada jininsu, babu ko ɗaya da gubar ta ƙyale, kuma kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da dole likita ya fara ba su maganin fitar da dalma. Kafin a shawo kan lamarin, an ƙiyasta cewa yara kimanin 400 sun rasu a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega. Dubbai sun rayu da gubar a jikinsu, wasunsu da lahanin ƙwaƙwalwa da zai bi su har tsufa.

In aka tambayi likita me ya kashe yaran nan, zai ce gubar dalma, kuma ya faɗi gaskiya. Sai dai dalmar nan ta daɗe kwance cikin duwatsun Zamfara tun kafin a kafa garuruwan, ba ta taɓa kowa ba. Abin da ya kamata mu bi sawunsa shi ne hanyar da ta bi ta baro ƙarƙashin ƙasa ta shiga bakin yaro mai rarrafe.

Daga kasuwar duniya zuwa turmi

A shekarar 2001, oza ɗaya ta zinare tana kusan dala 270 a kasuwar duniya. Bayan durƙushewar bankuna ta 2008, masu dukiya a Turai da Amurka da Asiya suka ruga sayen zinare don adana kuɗinsu, farashi ya yi ta hawa har ya wuce dala 1,200 a 2010. Labarin bai tsaya a birane ba. Dillalai suka kai shi har ƙauye, wurin manomin da ke noma gero da dawa wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa ko dai ya tafi ci-rani ko ya zauna yana kallon rumbu yana raguwa. Aka ce masa dutsen da ke bayan gari kuɗi ne. Wa zai ga laifinsa don ya ɗauki diga da buhu?

Rashin sa'ar shi ne, wasu daga cikin jijiyoyin dutsen da aka faɗa wa suna ɗauke da dalma mai yawan gaske, irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Ga yadda aikin yake tafiya. Maza su shiga rami su saro dutse, a cika buhuna, a ɗoro a babur zuwa gari. A zauna a farfasa shi da guduma har ya koma tsakuwa. Daga nan a zuba a injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ya fito gari lukui, ƙura kuwa ta turnuƙe wurin, ta sauka a kan katanga da tufafi da kwanukan abinci. Wanda bai kai inji ba, matan gidansa su daka a turmi. Sai a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi, ɗan ƙwayar zinare ya rage. Sauran ƙasar da aka wanke a shanya ta a tsakar gida don a sake bi, ko a yi yaɓe da ita. Masu binciken CDC sun tarar ana wannan aiki a cikin kashi biyu bisa uku na gidajen da suka shiga. A wasu wuraren, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga filin da yara ke wasa ita ce 400.

Me ya sa aka kawo aikin cikin gida? Akwai dalilai, kuma babu na wauta a cikinsu. Buhun dutsen da mutum ya sayar da ransa ya haƙo ba abin bari a daji ba ne, ɓarayi za su kwashe. Matan da ke cikin kulle kuma sana'arsu a tsakar gida take, ko daka ce, ko surfe, ko ƙuli-ƙuli. Da dakan dutse ya zo da ladan da ya fi na dakan hatsi, sai suka karɓa, da goyo a bayansu. Injin niƙa yana cikin gari, ruwa yana cikin gari. Sannan babu wani jami'i da ya taɓa zuwa ya gwada dutsen ya ce akwai guba a ciki. Mahaƙan ba su da lasisi, don haka tsakaninsu da hukuma sai ɓuya.

Me ya sa yara suka fi mutuwa, alhali manya ne ke aikin? Yaro a ƙasa yake wuni. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, ya tsinci abin da ya faɗi ya ci. Hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Yaron da cikinsa ba komai, ko wanda jikinsa ke ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi, ya fi kowa shanye gubar. Ashe ko a nan yunwa tana da hannu.

Me ya sa kuma aka yi watanni ana binne yara kafin labari ya fita? Domin a ƙauyukan nan mutuwar yaro ba baƙuwa ba ce. Ƙyanda na ɗauka, zazzaɓi na ɗauka, gudawa na ɗauka. Ba a rajistar haihuwa, ba a rajistar mutuwa, asibiti yana da nisa, hanya kuma in damina ta sauka sai a hankali. Iyaye suka yi abin da suka sani: rubutu, jiƙo, allurar mai kemis, addu'a, sannan haƙuri. Babu wani littafi a wani ofis da za a buɗe a ga cewa mace-macen wannan gari sun wuce ƙima.

Abin da ke gaban ciwo

Ga jerin abubuwan da muka lissafa: farashi a kasuwar duniya, noman da ba ya ciyar da gida shekara, rashin tsaro, matsayin mata, rashin kulawar hukuma, yunwa, nisan asibiti, lalacewar hanya. Babu ɗayansu da ake koyarwa a matsayin cuta a makarantar likitoci, amma su ne suka yanke wanda zai mutu da wanda zai rayu. Masana lafiyar al'umma suna kiran irin waɗannan abubuwa da yanayin zamantakewa mai tsara lafiya: inda aka haifi mutum, inda ya girma, inda yake kwana, aikin da yake yi, da yadda aka raba dukiya da iko a ƙasarsa.

A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan wannan batu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Marmot na Ingila, ya kuma miƙa rahotonsa a 2008. Ɗaya daga cikin misalan da rahoton ya kawo daga birnin Glasgow ne na Sukotlan. A lissafin wancan lokacin, namijin da aka haifa a unguwar talakawa ta Calton ana sa ran zai yi shekara 54 a duniya, wanda aka haifa a Lenzie, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, ana sa ran zai yi 82. Ƙasa ɗaya, tsarin asibitin gwamnati ɗaya wanda kowa ke zuwa kyauta, amma tazarar shekara 28.

A gida ma alƙaluma sun nuna haka. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya gano cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan na ƙasa baki ɗaya ke nan. In aka rarraba, a jihar Kebbi 252 ne, a jihar Ogun 30. In aka duba ta fuskar karatun uwa, 'ya'yan matan da ba su shiga makaranta ba 170 ne, na waɗanda suka wuce sakandare 56. Sauro bai san takardar shaidar makaranta ba. Amma uwar da ta yi karatu ta fi yiwuwar yin aure da ƙwarinta, ta fi samun abin hannunta, tana iya karanta katin rigakafi, tana gane alamar haɗari da wuri, kuma in ta ce a tafi asibiti an fi jin maganarta. Ajin da yarinya ta zauna yau yana cikin abin da zai raya ɗan da za ta haifa nan da shekara goma.

Mun yi imani rai da ajali na Allah ne. Wannan imanin bai taɓa hana mu rufe bakin rijiya don kada yaro ya faɗa ba. Tazarar da ke tsakanin 252 da 30 rijiya ce da mutane suka bari a buɗe, kuma mutane ne za su iya rufe ta.

Sai an gyara gida kafin magani ya ci

Akwai maganin fitar da dalma daga jini. Ana kiransa DMSA, ana sha ta baki, yana kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. MSF ta kawo shi, ya kuma ceci rayuka da yawa. Amma tun farko likitocin suka gane cewa ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar tamkar yasar rijiya ne ana mayar da ƙasar ciki. Saboda haka aka kafa sharaɗi: sai an tsabtace gari kafin a fara cikakken magani a cikinsa.

Aikin tsabtacewar ba na likita ba ne. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da samarin garuruwan, su suka yi shi da fartanya da shebur da baro. Gida-gida ake bi. A auna ƙasa da na'ura, a kankare saman daɓe, a cika buhuna, a kai wani rami da aka tanada nesa da gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A share ɗakuna, a wanke kaya. Sarakuna da dagatai suka ba da umarnin a fitar da niƙa da wankin dutse zuwa bayan gari, kuma da izininsu da na masu gida ma'aikata suka shiga har cikin gidajen kulle. Ƙauyuka bakwai aka gama tsakanin 2010 da 2011, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Sai aka zo kan Bagega, wadda ta fi sauran girma, inda aka ƙiyasta yara kusan 1,500 suna jiran magani. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma shekarar 2012 ta zo ta wuce kuɗin bai fito ba. Likitoci suna nan, magani yana nan, yara suna ci gaba da wasa a cikin guba. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a Twitter da Facebook da gidajen jaridu, sannan aka saki kuɗin aikin a ƙarshen Janairun 2013. A wannan karon, abin da ya tsaya tsakanin yaro da lafiyarsa sa hannu ne a kan takarda a Abuja. Wannan ma yana cikin abubuwan da ke tsara lafiya: ko talakan ƙauye yana da muryar da za ta kai inda ake raba kuɗi.

Faɗakarwa da abin hannu

Kowa ya san karin maganar nan, rigakafi ya fi magani. Matsalar ita ce yadda muka taƙaita rigakafin ya koma allura da sanarwar rediyo. Malamin asibiti zai ce wa uwa, "Baiwar Allah, ki riƙa wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci." Ita kuwa jarka biyu ta saya a wurin ɗan garuwa, da su za ta yi girki, da alwala, da wankan mutum takwas. Za ta ce, "To, Malam, in sha Allahu," ta fita da nauyin laifi a kanta, ba tare da ƙarin ko moɗa ɗaya ta ruwa ba.

Taron farko na duniya kan bunƙasa lafiya, wanda aka yi a birnin Ottawa na Kanada a watan Nuwamban 1986, ya faɗaɗa ma'anar aikin tun a lokacin. Ya lissafa abubuwan da lafiya ba ta samuwa sai da su, ciki har da zaman lafiya, muhalli, ilimi, abinci, kuɗin shiga da adalci. Ya kuma ce koya wa mutum yadda zai kula da kansa ɗaya ne kawai daga cikin ayyuka biyar. Sauran su ne tsara manufofin gwamnati da lafiya a zuciya, gyara wurin da mutane ke zaune da inda suke aiki, ƙarfafa al'umma ta tashi da kanta, da juya akalar asibitoci su daina jiran sai ciwo ya zo.

Zamfara ta gwada gaskiyar wannan. Cewa mahaƙi ya daina haƙa bai taɓa aiki ba, domin ba a ba shi abin da zai ciyar da gida a maimakonsa ba. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da ya fi tasiri daga baya shi ne zama da mahaƙan a matsayin abokan aiki: a jiƙa dutse yayin niƙa don kada ƙura ta tashi, a keɓe wurin aiki nesa da gidaje, a tanadi wurin wanka da canza tufafi don kada uba ya kai wa 'ya'yansa guba a jikin rigarsa, a daina cin abinci a bakin inji. Mutumin da aka nuna wa hanyar kare iyalinsa ba tare da an raba shi da abincinsa ba, yakan karɓa da hannu biyu.

Muna da wani misalin da ya fi wannan daɗin ji. A ƙarshen shekarun 1980, ƙidayar farko ta gano mutane fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai ta a duniya. Tsutsar tana shiga ta ruwan tafki da kududdufi, ta yi kusan shekara a jiki, ta fito ta ƙafa da tsawon da kan kai mita guda, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tace ruwa da aka raba gida-gida, da rijiyoyin burtsatse, da maganin da ake zubawa a tafki, da 'yan sa-kai na ƙauye masu rubuta duk wanda ta fito wa, su kuma roƙe shi kada ya tsoma ƙafarsa a ruwan sha. Cibiyar Carter ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Faɗakarwa ta yi aiki a nan ne domin ta zo da ƙyalle a hannu da rijiya a bakin gari.

Wa ke riƙe da lafiyar gari?

In muka yarda da abin da ya gabata, to ma'aikatar lafiya kaɗai ba za ta iya ba, ko da an cika alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware mata kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Kwamishinan ruwa ma'aikacin lafiya ne. Haka na ilimi, da na gona, da na ayyuka mai gyaran hanyar da mai naƙuda za ta bi cikin dare. Haka jami'in tsaro, domin a yau ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sa ganin mai rigakafi, ba sa iya zuwa gona, saboda 'yan bindiga, kuma yaran da ke cika cibiyoyin tamowa daga can suke fitowa. Shugaban ƙaramar hukumar da ya gina ɗakin shan magani mai fenti a garin da ba ruwan sha, ya kashe kuɗi a ƙarshen hanya ya bar farkonta.

Al'umma ma tana da nata kason, kuma ba sai ta jira Abuja ba. Mai unguwa zai iya riƙe littafin haihuwa da mutuwa, ta yadda in yara uku suka rasu da ciwo iri ɗaya cikin wata guda za a kai rahoto a makon. Liman zai iya sa maganar ƙurar inji da tsabtar rijiya a huɗuba. Ƙungiyar mahaƙa ko ta masu niƙa za ta iya sa wa 'ya'yanta doka. Ungozoma da malamar Islamiyya suna shiga inda jami'i namiji ba ya shiga. Ma'aikacin asibiti kuma, bayan ya tambayi "me ke damun sa?", ya ƙara da wasu tambayoyin: wane ruwa kuke sha, wace sana'a ake yi a gidan, sau nawa aka ɗora tukunya jiya, akwai wani yaron a unguwarku mai irin wannan ciwon? Amsoshin nan su ne za su nuna ko yaron zai dawo bayan wata biyu da ciwon da aka sallame shi a kansa.

Daga cikin duk abubuwan da ke tsara lafiyar gida a ƙasar Hausa, babu wanda ya kai ruwa shiga kowane lungu na rayuwa, daga kwalara zuwa lokacin da yarinya ke ɓatawa a layin famfo maimakon aji. A kansa babi na gaba zai tsaya.